«Nauyi» ba ta wadatar ba: gyara kan fassarar kalmar «densité»

Masu tsara ƙamus na kimiyya sukan fassara kalmar Faransanci «densité» da «nauyi», wasu kuma da «kauri». A ganinmu duka biyun kuskure ne.

Idan aka ce dalma ta fi baƙin ƙarfe nauyi, ɗalibi mai hankali zai tambaya: ashe harsashin dalma ya fi uwar maƙera nauyi ke nan? Gaskiyarsa. Abin da ake nufi shi ne a cika ma'auni guda da kowannensu, sannan a ɗora bisa sikeli. Lita guda ta ruwa kilo 1 ce. Ta sanholo kilo 2,7. Ta baƙin ƙarfe 7,9. Ta dalma 11,3. Ta zaiba 13,5. Ta zinariya 19,3. Yuraniyom, wanda aka fara haƙo a Arlit a 1971, yana da 19,1.

«Kauri» kuwa ta fi ɓatarwa. Zuma ta fi zaiba kauri nesa, amma ƙusa takan nutse cikin zuma, ta yi iyo bisa zaiba.

Shawararmu ita ce a riƙa cewa «nauyin lita». Mai awon hatsi ya riga ya san tiyar gero ta fi tiyar dusa nauyi alhali tiya ɗaya ce. Daga nan ya kamata malamin yaƙi da jahilci ya soma. Kafin a buga kalmar, a gwada ta a azuzuwan Maraɗi, Damagaram da Tawa, a ji yadda manya suka fahimce ta.