Kafin a Ce Gas Ya Ƙare

Na'urar sanyaya gida irin ta tsakiya, wadda ke aika sanyi ɗaki-ɗaki ta bututun da ke cikin rufi, ba ta yi yawa a gidajenmu ba. A nan, sai a otal-otal, bankuna da wasu manyan gidaje na Abuja ko Kano ake ganinta. A Amurka kuwa ita ce ta kowa, domin kusan gida biyu cikin uku da ita suke tsallake watannin zafi. Can ne ma sana'ar gyaranta ta yi jijiya, tun bayan da Willis Carrier ya ƙera na'urarsa a 1902 don wata maɗaba'a da ke Brooklyn, inda laima ke ɓata musu takarda. Amma ko a ina take, ranar da ta ƙi tashi ce ake gane gwani. Ni dai ban san wani aikin hannu da ke nuna natsuwar mutum kamar wannan ba.

Gwani ba ya fara taɓa inji. Tambaya yake fara yi. "Ranka ya daɗe, yaushe rabonta da aiki? An ɗauke wuta jiya? Fankar ciki tana hurawa, ko gaba ɗaya shiru ne?" Daga amsa uku ya riga ya yanke rabin wuraren da zai duba, saboda taswirar na'urar tana cikin kansa.

Taswirar ita ce: wuta iri biyu ke aiki a ciki. Akwai babba, bolt 240 a Amurka, 230 a wajenmu, wadda ke juya kwampreso da fankar da ke waje. Akwai ƙarama, bolt 24 kacal, daga wani ɗan tiransifoma da ke cikin injin na ciki. Ƙaramar nan ba ta juya komai, saƙo kawai take kaiwa. Idan ɗaki ya yi zafi, ma'aunin da ke manne a bango ya haɗa wayoyi biyu, mai alamar R da mai alamar Y, sai bolt 24 ɗin ta tafi waje ta ja wani makunni mai maganaɗisu da ake kira kwantakta. Shi ne ke buɗe wa babbar wuta hanya. Duk na'urar da ta ƙi tashi, a wani wuri a kan wannan hanya saƙon ya tsinke, kuma aikin mai gyara shi ne ya bi sawunsa daga bango har waje, ba tare da tsallake ko gaɓa ɗaya ba.

Gaɓoɓin farko ba sa cin ko sisi. Batirin ma'aunin bango ya mutu. An bar shi a kan ɗumama maimakon sanyaya. Ko kuma na'urar tana cikin jiran minti biyar ɗin da aka gina mata bayan ɗaukewar wuta, don kada kwampreso ya tashi alhali matsin gas bai daidaita ba. Sai bireka a allon wutar gida, da ɗan akwatin yanke wuta da ke bango kusa da injin waje. Idan bireka ya faɗi, sau ɗaya gwani ke mayar da shi. Ya sake faɗuwa, ba zai ƙara ba, domin bireka ba ya faɗuwa a banza, kuma dagewa a kansa yakan kai ga gobara.

Akwai kuma masu tsaro da aka dasa a hanya don su kashe na'urar da gangan. Idan murfin injin ciki bai rufu sosai ba, makunnin da ke bayansa zai yanke komai. Idan bututun zubar da ruwan da na'urar ke tatsa daga iska ya toshe da gansakuka, tiren da ke ƙasa ya cika, wani ɗan makunni mai yawo a kan ruwa zai ɗaga ya katse bolt 24 ɗin, don kada ruwa ya huda silin. A kan allon lantarki kuma akwai fis na amfiya 3 ko 5, irin na mota, wanda yakan ƙone idan ɓera ya ci waya. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya ɗaure waɗannan da waya don na'ura ta tashi ya karɓi kuɗinsa. Yakan tsaya ya gano abin da suke karewa.

Inda na fi jin daɗin kallonsa shi ne a gaban injin waje, lokacin da ya tsuguna ya kasa kunne. Shiru tsit yana nufin saƙo bai iso ba, ko kwantakta bai ja ba. Sau da yawa tururuwa ce ta shiga tsakanin haƙoransa ta mutu a can. Idan ya ji "ƙas" amma komai bai motsa ba, saƙo ya iso, babbar wuta ce ba ta zo ba, ko haƙoran kwantakta sun ƙone sun yi baƙi saboda tartsatsin shekaru. Idan kuwa ya ji gurnani, inji yana nishi amma fanka tana tsaye, to hankalinsa ya koma kan kafasita.

Kafasita ɗan gwangwani ne da bai fi na lemo girma ba, amma idan babu shi motar kwampreso da ta fanka ba za su iya fara juyawa ba. Aikinsa kamar na masu tura motar da batirinta ya yi sanyi ne. Zafi ke kashe shi, shi ya sa ya fi mutuwa a ranar da aka fi bukatarsa. Wani lokaci samansa yakan kumbura, ido ma ya isa. Wani lokaci sai an auna shi da mita an gwada da lambar da ke jikinsa, misali 45 da 5, babbar ta kwampreso, ƙaramar ta fanka. Kuma a nan ne sana'ar ke da haɗari na gaske, domin kafasita yana riƙe wuta ko bayan an kashe komai. Gwani zai yanke wuta, ya auna ya tabbatar ta yanke, ya sauke cajin da ke cikin gwangwanin, sannan ya kai hannu. Wannan ba wurin da maigida zai gwada sa'arsa ba ne.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake saurin cewa "gas ya ƙare". Gas ɗin sanyi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. A rufaffen bututu yake zagayawa, R-22 ne na da ko R-410A da ya biyo shi. Idan ya ragu, to yoyo ne, kuma ƙara shi ba tare da toshe yoyon ba zubar da kuɗin mutane ne. Gaskiya ne ƙarancinsa yana iya sa makunnin matsi ya hana kwampreso tashi, amma wannan a ƙarshen layi yake, kuma da ma'aunin matsi ake tabbatar da shi, ba da baki ba.

Masu gyaranmu na nan suna da gaɓoɓi biyu da takwarorinsu na Amurka ba su cika fama da su ba. Ɗaya ƙurar hunturu ce, wadda ke like filta da haƙarƙarin injin waje har zafi ya kasa fita, kwampreso ya ɗau zafi ya kashe kansa. Ɗayar kuma wutar da ba ta cika ba, ko fes ɗaya ya ɗauke a gidan da ke da fes uku. Don haka gwanin nan yakan auna ƙarfin wutar da ke shigowa kafin ya zargi kowane ƙarfe.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, sannan ya juya ga kwampreso, mafi tsadar kaya a cikin na'urar. Zai taɓa jikinsa, idan da zafi ya bar shi ya huce, domin mai tsaron da ke cikinsa ba ya sakin hanya sai ya yi sanyi, kuma an sha yanke wa lafiyayyen kwampreso hukuncin mutuwa saboda gaggawa. Bayan nan ya auna tsakanin ƙafafunsa uku, C da S da R, ya duba ko wayar ciki ta tsinke ko ta taɓa jikin ƙarfe. Ko ya tabbata ya mutu, ba ya ɗaura sabo sai ya san abin da ya kashe tsohon, raunin kafasita ne, ƙura ce ko wuta.