Allura da Mai Allura: Sharhi a kan Waƙoƙin Rigakafi a Arewacin Zamfara

Tun zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, hukuma ta gane cewa maganar da aka ɗora bisa kari ta fi wadda aka buga a takarda saurin shiga kunnen talaka. Saboda haka duk sa'ad da annoba ta sauka, sai a nemi mawaƙi. Wannan takarda za ta auna waƙoƙin kira zuwa ga allurar rigakafi, irin waɗanda mutanen Ɗan Isa da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suke ji ta rediyo da lasifika, bisa ma'auni uku, watau yadda suke magana da mai saurare, da gaskiyar alkawarinsu, da kuma surar da suke ba likita.

Na farko, sha'anin mai saurare. Aibin da ya fi yawa a cikin waɗannan waƙoƙi shi ne zambo. Uban da ya hana a ɗiga wa ɗansa magani, sai a kira shi jahili, a yi masa dariya. To, zambo yana da gurbinsa. A bakin makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, abokin gaban sarki ake yi wa shi, wanda ba a bukatar ya dawo. Amma uban yaro dawowarsa ake nema, ba a kuwa jawo mutum da zagi.

Balle ma tsoron nan yana da asali. A 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka rasa goma sha ɗaya daga cikin yaran gwajin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, har da Kano da Zamfara, Kano kuwa ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Sunan ciwon kansa ma yana ɗauke da imani, gama shan inna ma'anarsa Inna ce ta shanye ƙafar yaro. Mawaƙin da ya tsallake duk wannan bai san wanda yake yi wa waƙa ba. Abin da ya yi aiki daga baya shi ne lallashi irin na wa'azi, daga bakin sarakuna da malamai, har aka bayyana ran 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Na biyu, gaskiyar alkawari. Waƙa tana son magana yankakkiya, ilmin likita kuwa yana da sharuɗɗa. Tsakanin 2011 da 2014 aka yi wa jama'ar Arewa allurar MenAfriVac, wadda take kare sanƙarau nau'in A kaɗai. A watan Disamba na 2016 nau'in C ya ɓulla a Zurmi, ya yaɗu, kafin ya lafa a tsakiyar 2017 an ƙidaya mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Duk baitin da ya taɓa cewa allura guda ta kashe sanƙarau dungum, ran nan ya zama ƙarya a kunnen uwar da ta binne ɗanta. Laifin ba na allura ba ne, na baitin ne.

A cikin wannan annoba ce, a watan Afrilu na 2017, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta ciwon da saɓon Allah, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a cewa allura ya kamata a nemo. Talaka ya ji kamar an ce ya zaɓi ɗaya, ko imani ko magani. A nan ne gwanin mawaƙi yake da aiki, domin ya ɗinke abin da manya suka ɓarke. Kayan aikin kuwa suna nan: Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bai kuwa ɗauki wannan a bakin gudun ƙaddara ba.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne surar likita. Waƙoƙin nan kirari suke yi masa, su mai da shi ƙarfe, ba ya gajiya, ba ya tsoro. Alhali kuwa ma'aikacin asibiti a Shinkafi ko Zurmi, inda ƙungiyar MSF ta yi shekaru tana taimako, mutum ne da yake kwana kan yara masu tamowa, ya kuma bi hanyar da 'yan bindiga suke tarewa. Sa'ad da korona ta shigo Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, allurarta ba ta iso ba sai ran 2 ga Maris 2021. Shekara guda cur ma'aikata suna duba marasa lafiya ba su da kariyar allura, suna komawa gida da fargabar abin da za su kai wa iyali. Wannan duka ba safai yake shiga waƙa ba.

Kirari irin wannan yana da cuta a ɓoye. Wanda aka yi wa kirarin dauriya ba ya iya cewa barci ya ƙaurace masa, ko zuciyarsa ta yi ƙunci, don kada a ce ya yi raki, ko a jingina masa taɓin hankali. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, mai ba da magani kuwa shi ne na ƙarshe wajen neman nasa. Ba kuwa don adabi ya rasa hanya ba. Marsiyyoyin Nana Asma'u sun nuna cewa ana iya faɗin baƙin ciki a fili ba tare da an zub da mutunci ko imani ba.

Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai, waɗanda ɗalibansu ne za su tsara irin waɗannan waƙoƙi gobe, su sa su auna kowane baiti da tambaya uku. Shin ya girmama mai saurare? Shin abin da ya alkawarta zai tabbata? Shin ya bar wa likita damar zama ɗan Adam? Rigakafi ya fi magani, lalle, amma sai da hannun da zai riƙe allura, hannun nan kuwa na mutum ne mai zuciya.