Fansar Kamammu da Ciyar da Baƙi: Sharhi a kan Littafin Mark Cohen

Littafin Poverty and Charity in the Jewish Community of Medieval Egypt, wanda Mark Cohen ya wallafa a maɗaba'ar Jami'ar Princeton a 2005, ya ginu ne a kan takardun Janiza, wato tarin rubuce-rubucen da Yahudawan Fusɗaɗ suka riƙa ajiyewa a wani ɗaki na wurin ibadarsu na Ben Ezra don gudun wulaƙanta sunan Allah. Binciken ya shafi tsakanin 1000 da 1250 Miladiyya, zamanin Faɗimiyyawa da Ayyubawa, kuma galibin takardun da Larabci aka rubuta su cikin haruffan Ibrananci.

Babin da ya fi ƙarfi shi ne na kamammu da 'yan gudun hijira. A nan ake ganin jama'ar da ba ta da mulki, amma tana da daftari: sunayen masu bayarwa, sunayen masu karɓa, da rabon gurasa sau biyu a mako, har ga baƙin da suka gudo daga ƙasar Rum. Kuɗin fansa sananne ne, dinari 100 a kan mutum uku. Bayan 'yan Salibiyya sun ci Ƙudus a 1099, dattawan Asƙalan sun rubuta wasiƙa suna bayyana yadda suka ci bashi don fansar mutane da littattafai. Shi kansa Musa bin Maimun ya aika wasiƙun neman gudummawar fansa zuwa garuruwan Masar. Cohen ya kuma yi kyakkyawan bayani a kan kalmar mastur, mutumin da asirinsa yake rufe har musiba ta tilasta masa roƙo. Duk wanda ya ga manomin da aka kora daga ƙauyukan Maradun ko Bakura, mai rumbu jiya, yau yana rakuɓe a kangon wani a Talata Mafara, ba ya buƙatar fassarar wannan kalma.

Rauninsa, a ganina, yana wajen kwatanci. Marubucin ya saba da Talmud da tarihin talauci a Turai, amma da ya zo ga Musulunci bai nutsa cikin furu'a ba, alhali a nan muhawarar take. Mishna ta hana biyan fansa fiye da ƙimar kamamme don kada a kwaɗaitar da masu kamu. Malikiyya kuwa sun jera hanyoyin fansa: baitulmali da farko, sannan dukiyar Musulmi, sannan dukiyar shi kamammen. Suka kuma saɓa a kan zakka. Mukhtasar na Khalil ya tafi a kan cewa ba ta isar wa wanda ya fanshi kamamme da ita, Ibn Habib kuwa ya halatta, bisa rabon 'yanta wuyaye a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Da an haɗa waɗannan wuri guda, da babin ya ninka amfaninsa. Ga mu nan ma wannan ba tarihi ba ne: an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, kuma a ƙauyuka irin na yankin Garbadu, karo-karon fansa ya kai wasu ga sayar da gona, ba tare da daftari ko fatawar da kowa ya yarda da ita ba.

Akwai babin da zai yi wa mai karatu Musulmi nauyi, wanda ya nuna jama'ar tana tara kuɗi don biya wa matalautanta jiziya, alhali jumhurun malamai sun ɗauke ta daga faƙiri. Bai kamata mu tsallake shi ba, domin ya nuna ratar da ke tsakanin hukuncin littafi da aikin mai karɓar haraji.

Zan so ɗalibanmu masu neman maudu'in digiri na biyu su ɗauki hanyar Cohen su nufi Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Zamfara, wadda aka kafa bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999, su nemi rajistar rabonta, su ƙirga nawa ne daga ciki ya isa hannun waɗanda suka baro garuruwansu.