Jagora Ya Gani, Marubuci Ya Kwafa: Sharhi Kan Labaran Tafiyar 'Yan Rano da Kibiya

Rubuce-rubuce biyar ne suka zo hannunmu daga 'yan'uwa marubuta na Rano da Kibiya, dukkansu kuwa a kan abu guda, wato tafiyar buɗe ido da suka yi cikin ayari zuwa Abuja. Yadda aka tsara tafiyar shi ne, sun yini a Kano ana zagawa da su cikin Birni, kashegari mota ta kai su Kaduna, suka hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa ta Idu, aka yi kwana biyu ana kewayawa da su Abuja, sa'an nan suka juyo ta inda suka bi. Edita ya nemi mu duba, mu faɗi wanda ya cancanci shiga wannan mujalla. Mun ga ya fi dacewa mu yi maganar a bainar jama'a, ba tare da ambaton sunan kowa ba, domin ciwon da muka gani a cikinsu yana jiran duk wani ɗan ƙungiya da zai yi irin wannan tafiya nan gaba.

Da farko dai sai mun jinjina musu. Labarin tafiya reshe ne na rubutun zube da muka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali yana daga cikin tsofaffin rassan da muke da su. Tun a 1885 aka buga labarin Dorugu a cikin littafin Magana Hausa na Schön. Shi Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, ya kuma bi shi ta Tarabulus zuwa Landan a 1855. Marigayi Abubakar Imam ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, Malam Aminu Kano kuma ya fitar da Motsi Ya Fi Zama a 1955. Daga nan sai kantar ta soma yin fayau, ƙagaggun labarai suka cinye kasuwa. Saboda haka duk wanda ya dawo daga tafiya ya ɗauki alƙalami maimakon ya tsaya ga hotunan waya, ya yi abin a yaba.

To amma fa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Huɗu daga cikin biyar ɗin, in aka jera su aka rufe sunayen, ba mai iya rantsuwa cewa ba mutum ɗaya ne ya rubuta su ba. Zubinsu ɗaya, jerin wuraren ɗaya, shekarun da aka ambata ɗaya, har inda aka yi mamaki ma wuri ɗaya ne. Muka tashi, muka isa, aka nuna mana, aka ce mana, muka yi mamaki, muka koma mota. A ɗayansu mun ƙirga “abin sha'awa” sau 14 cikin shafi shida, amma har muka kai ƙarshe ba mu san launin ko ɗaya daga abubuwan sha'awar nan ba, balle warinsu ko ƙararsu.

Dalili kuwa a fili yake. Su huɗun duk da idon mutum ɗaya suka yi kallo, wato jagoran da aka haɗa su da shi. Ya kamata marubuci ya san yadda irin wannan tafiya take aiki. Asalinta na zamani daga Ingila ne, inda a 1841 wani mai suna Thomas Cook ya yi shatar jirgin ƙasa, ya kwashi mutum wajen 500 daga Lesta zuwa wani gari na kusa a kan sule ɗaya kowane mutum, zuwa da dawowa. Daga wannan ne sana'ar ta bunƙasa ta game duniya. Jigonta tun ran nan bai sauya ba: ka biya kuɗinka dunƙule, wani ya ɗauke maka tunanin hanya da masauki da abin da za ka gani. Jagora yana da agogo a hannu, yana da kawunan da zai ƙirga kada wani ya ɓata, yana kuma da bayanin da ya haddace wanda ya faɗa wa ayarin jiya, zai faɗa wa na gobe. Ba mu ga laifinsa ba, aikinsa ke nan. Laifin yana wuyan marubucin da ya mayar da kansa magatakardan jagora.

Ga misali. Dukkansu huɗun sun tsaya a karofin Ƙofar Mata, dukkansu sun rubuta cewa an kafa shi a 1498, kamar yadda ake faɗa wa kowane baƙo. Sun je Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, sun ambaci Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wannan duk yana nan cikin littafin tarihi na aji biyu. Abin da ya ba mu haushi shi ne, waɗannan 'yan Rano ne. A cikin tarihin Hausa Bakwai da muke koya wa yara, da aka raba wa garuruwa aiki, Katsina da Daura aka ba su kasuwa, Gobir yaƙi, Kano da Rano kuwa su ne sarakunan baba. Ashe ɗan Rano da ya tsaya bakin rijiyar rini a Kano yana da tambayar da Bature ko mutumin Ikko ba shi da ita: ina marinar garinmu? Wa ya bar ta, yaushe, me ya kashe ta? Akwai tsofaffi a Rano da Kibiya da za su iya nuna wa mutum inda ramukan suke. Ko ɗaya daga cikin marubutan nan bai haɗa abin da ya gani da abin da ya baro a gida ba. Sun bar Rano a Rano, suka tafi da jaka kawai.

Kada wani ya ce ai tafiyar da aka tsara wa mutum ba ta haifar da littafi. Tafiyar Imam ta 1943 irinta ce sak. Hukumar British Council ce ta gayyaci editoci takwas na Afirka ta Yamma, ciki har da Nnamdi Azikiwe, Imam kuwa ya je ne a matsayin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masu gayyatar kuma suna da abin da suke so baƙin su gani su koma su faɗa wa mutanensu. Amma abubuwan da tarihi ya riƙe daga tafiyar ba su cikin takardar tsarin. Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa mata hannu. Imam ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci ƙasar nan, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana matsalolin Arewa. Mutum yana iya yarda da matsayinsa ko ya ƙi, amma ba mai cewa ya je Ingila da kan wani. Sa'an nan duk wanda ya saba da alƙalaminsa ya san al'adarsa ta ɗauko baƙon abu ya aza shi kusa da na gida har mai karatu ya gane girmansa. Shi ma Dorugu, abin da ake tunawa da shi ai yadda ya sa ido ne a zaman cin abincin Turawa ya kwatanta shi dalla-dalla, abin da ba wanda zai ce masa ga abin kallo nan.

Inda muka fi jin takaici shi ne wajen jirgin. Ɗaya ya gama da shi cikin layi uku, wani cikin biyar, wani ma cewa ya yi barci ya kwashe shi sai a Kubwa ya farka. Alhali kuwa nan ne kaɗai wurin da jagora ya yi shiru, aka bar kowa da taga da maƙwabcin kujerarsa. Kilomita 186 ne tsakanin Rigasa da Idu, tafiyar awa biyu da 'yan kai, a kan layin da aka buɗe a 2016. Ga yawancin 'yan ayarin wannan ne hawansu na farko, kuma akwai dalili. Dogon da ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912, ta yamma da mu ya bi, ta Ɗangora da Madobi da Chalawa, ya bar Rano a gefe. Shi ya jawo cinikin gyaɗar da ya gina dalar buhuna a Kano, shi ya rage wa fataken Gwanja tafiyar watanni a ƙasa, garuruwan da ya ratsa suka tashi, waɗanda ya kauce wa suka zama masu kai kaya a kan jaki zuwa inda sikeli yake. Wanda ya fito daga garin da dogo ya tsallake, in ya shiga tarago karo na farko, yana da abin faɗa wanda ɗan Sabon Gari ba shi da shi. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, da ya ga ana haƙar hanyar nan ta cikin ƙasarsa da gumin talakawansa, waƙa guda ya yi mata, Waƙar Diga, ana nazarinta har yau. Mu kuwa an ɗora mu a kan jirgin muna zaune cikin sanyi, mun kasa ba shi shafi ɗaya.

Rubutu na biyar, wanda wata 'yar'uwa daga Kibiya ta aiko, shi ne ya fita daban, kuma a cikin jirgin ya fita. Ta lura da jami'an tsaron da ke cikin tarago da yadda fasinjoji ke kauce wa kallonsu. Ta lura da wata dattijuwa da ta ƙi zama kusa da taga. Ta kuma lura cewa da aka doshi yankin Rijana da Katari sai hira ta mutu, masu waya suka ajiye, wani ya fito da carbi. Ba ta yi mana wa'azi ba, ba ta kuma ce ta ji tsoro ba. Sai a sakin layi na gaba ta tuna wa mai karatu cewa a nan ne aka kai wa jirgin hari ran 28 ga Maris 2022, aka kashe aƙalla mutum 8, aka sace fiye da 60, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai a Disamba. Wannan tsari na gabatar da shirun kafin dalilinsa shi ne ya sa shafin ya tsaya mana a rai. Shafi biyu ne kacal, amma sun fi sauran shafuka talatin ɗin nauyi in aka haɗa su.

Sai dai ita ma ba ta kuɓuta ba. Da jirgi ya wuce Jere sai ta shigo da wani saurayi mai farar shadda wanda ya taimaka mata da jaka, daga nan labarin tafiya ya rikiɗe ya koma na soyayya, har da musayar lambar waya a Idu. Ko da ya faru da gaske, a kan takarda ƙarya ya yi kama, domin mun riga mun gamu da saurayin nan a littattafai ɗari. Da alama ta ji tsoron kada mai karatu ya gaji in babu shi. Mai karatu bai gaji ba sai da ya shigo.

A Abuja kuwa duk su biyar ɗin suka koma hannun jagora. An kai su Babban Masallaci, an nuna musu Dutsen Aso daga nesa, an tsaya an ɗauki hoto a Dutsen Zuma, kowa ya rubuta cewa shi ne a jikin tsohuwar takardar naira ɗari. Sun kawo cewa gwamnatin Murtala ce ta yanke shawarar gina birnin a 1976, aka tare a 1991. Gaskiya ne. Amma ba wanda ya tambayi inda sunan ya fito, alhali Dutsen Zuma da suka tsaya a gindinsa yana dab da Suleja, wadda ita ce Abuja ta asali, garin da Abu Ja na gidan sarautar Haɓen Zazzau ya kafa a 1828 bayan jihadi ya raba su da Zariya. Labarin Hausawa ne tsantsa, mota ta tsaya da su a bakinsa na minti goma, suka wuce. Haka kuma ba wanda ya ambaci Gwarawan da aka tayar daga gonakinsu domin a yi titunan da ake ta yabon faɗinsu, ko da yake jirginsu ya tsaya a Kubwa, ɗaya daga wuraren da aka tsugunar da waɗanda aka tayar. Jagora ba zai kai ayari can ba, ba a biya shi don haka ba. Tambaya ɗaya ga direban mota ko mai sayar da doya a bakin hanya da ta buɗe ƙofar.

Game da harshe, mun ga kalmomin Ingilishi zube a inda Hausa take da nata. Muna da tarago, muna da tasha da layin dogo da gada da tikiti, kakanninmu sun gama wannan aiki tun zamanin diga. Akwai kuma yawan “muka”, wanda ya sa ba a jin mutum ɗaya mai rai a cikin ayarin. Mutum ashirin ba sa jin yunwa lokaci guda, ba sa kuma mamakin abu guda. Wa ya makara har aka kusa barinsa a Rigasa? Wa ya yi gardama da jagora? Wa kuɗinsa ya ƙare tun a Kano? In an ɓoye sunaye ba wanda zai ji kunya.

Shawarar da muka ba Edita ita ce a buga rubutun 'yar'uwarmu ta Kibiya a fitowa ta gaba, bayan ta cire saurayin ta kuma sake duba ɓangaren Abuja. Sauran huɗun mun mayar wa masu su ta hannun sakataren reshe, kowanne da alamar jan biro a duk inda muka ji muryar jagora. Abin da ya rage babu ja a kansa, ko da rabin shafi ne, daga nan muke so su soma sabon rubutun, su aiko kafin ƙarshen zangon karatu.