Teburin Bature a Ƙasar Baƙunci: Jigon Abinci a Cikin Labaran Forster da Orwell

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Ingilishi sun daɗe suna tattauna yadda marubutan Ingila suka siffanta zaman 'yan'uwansu a ƙasashen da suka mallaka. Galibi hankalin manazartan ya fi karkata ga manyan al'amura, watau mulki da shari'a da addini da launin fata. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abinci, alhali kuwa da wuya a sami ƙagaggen labari a kan zaman Turawa a waje wanda ba a zauna cin abinci a cikinsa ba. Wannan maƙala za ta duba littattafai biyu: A Passage to India na E. M. Forster, wanda ya fito a 1924, da Burmese Days na George Orwell, wanda ya fito a 1934. Marubutan biyu sun ɗauki abin da baƙo yake ci a matsayin ma'aunin sajewarsa da mutanen gari. Za a yi ƙoƙarin nuna inda wannan ma'auni ya yi daidai, da kuma inda ya gaza idan aka gwada shi da tarihi da harshe.

2.0 Matashiya

Ƙyamar abincin 'yan ƙasa ba da ita Turawan Ingila suka fara zama a Indiya ba. A ƙarni na 18 ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya suna cin shinkafa da miyar kori, da yawansu kuma sun auri matan ƙasar. Tun a 1747 Hannah Glasse ta sa yadda ake dafa kori a cikin littafinta na girki, a 1810 kuma wani Ba'indiye mai suna Sake Dean Mahomed ya buɗe gidan abincin Indiya a Landan.

Al'amura sun sauya a ƙarni na 19. Bayan tawayen 1857 mulkin Indiya ya koma hannun gwamnatin Ingila a 1858. Buɗe mashigin ruwan Suwez a 1869 ya rage nisan tafiya, matan aure suka riƙa biyo mazansu, abincin gwangwani kuma, wanda aka fara sarrafa shi a Landan tun 1813, ya yawaita a kantuna. Daga nan sai cin abinci irin na gida ya zama alamar mai mulki. A 1888 Flora Annie Steel da Grace Gardiner suka wallafa The Complete Indian Housekeeper and Cook domin koya wa amaren Turawa riƙon gida. Steel ta yi fiye da shekara 20 a Indiya, ta kuma ji harshen Punjabi, amma duk da haka abincin 'yan ƙasa ɗan gurbi kaɗan ya samu a littafin, tare da gargaɗin cewa maiƙo da zaƙi sun yi masa yawa. Wannan shi ne zamanin da Forster da Orwell suka tarar.

3.0 Forster da Abincin Masu Kewar Gida

Forster ya ziyarci Indiya daga 1912 zuwa 1913, ya sake komawa a 1921 ya yi wa Sarkin Dewas aikin sakatare. Labarinsa ya faru ne a wani ƙagaggen gari mai suna Chandrapore, inda Mrs Moore ta zo ganin ɗanta Ronny, alƙalin garin, tare da Adela, budurwar da ake sa ran zai aura.

A wurare uku marubucin ya yi amfani da abinci wajen warware jigonsa. Na farko shi ne liyafar da Turton, babban jami'in gunduma, ya shirya a lambun kulob da sunan sada Turawa da Indiyawa. Kowane ɓangare ya ja tunga a gefensa na filin wasa. Da lokacin ciye-ciye ya yi, Fielding, shugaban kwalejin gwamnati, shi ne ya tsaya cikin Indiyawa yana cin soyayyen wakensu har ya ƙona masa baki. Da wannan ɗan abu kawai mai karatu ya gane cewa Fielding daban yake.

Na biyu shi ne abincin daren da ya biyo bayan liyafar. Forster ya jera abin da aka ci ɗaya bayan ɗaya: romo mai koren wake na kwalba, da burodin da aka kwaikwayi na ƙauyen Ingila, da kifi mai yawan ƙaya da ake riya cewa na tekun gida ne, da nama tare da wani koren waken, da kayan zaƙi, sa'an nan kifin gwangwani a kan gasasshen burodi. Ya kuma nuna cewa abincin ke nan a ko'ina Turawa suke a Indiya, kukun da ke dafa shi kuwa bai san kansa ba. Gwanintar wannan wuri ita ce marubucin bai zagi kowa ba. Jerin abincin ya isa ya nuna mutanen da suka gwammace su ci mara daɗi irin nasu da su ci mai daɗi na wani.

Na uku, kuma mafi zurfi, shi ne yawon da Dokta Aziz ya shirya zuwa kogunan Marabar. An gaya masa cewa Turawa ba sa daina ci, don haka ya aro barori da kayan tebur, ya tanadi shayi da ƙwai tun daga cikin jirgin ƙasa. Sa'an nan ga matsalar baƙin da ya gayyata: Farfesa Godbole, Bahinde, ba ya cin nama, ba ya kuma yarda a ci naman saniya a gabansa, shi kuwa Aziz, Musulmi, ba ya son a ci naman alade a wurinsa. A nan Forster ya yi adalci, domin ya nuna cewa shingen abinci ba na Turawa kaɗai ba ne. Bambancin shi ne Aziz ya wahalar da kansa domin ya haɗa kowa a tabarma ɗaya, Turawan kulob kuwa ba sa barin Ba'indiye ya shiga ko da a matsayin baƙo. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Aziz ya yi duka biyu, sakayyarsa kuwa ita ce tuhuma da kurkuku.

4.0 Orwell da Ƙanƙarar Kulob

Orwell ya yi aikin ɗan sanda a Bama daga 1922 zuwa 1927, kuma harshensa ya fi na Forster kaifi. Ya bayyana abincin Turawa a can da cewa abin ƙyama ne: burodi da ake kumbura shi da bammi, da man shanu da madara na gwangwani. A kulob ɗin Kyauktada babban abin damuwa shi ne ƙanƙarar sanyaya giya. Da mai hidimar kulob ya zo ba da labarin ƙarancinta cikin Ingilishi mai kyau, sai Ellis ya rufe shi da faɗa, ya ce ya koma magana da gurɓataccen Turanci irin na barori. Wato yadda ba a son abinci ya cakuɗa, haka ba a son harshe ya cakuɗa.

Tauraron labarin, Flory, ɗan kasuwar katako ne mai sha'awar rayuwar mutanen Bama. Ya kai Elizabeth, wadda yake nema da aure, kasuwa da kantin wani Basine. Warin kasuwar ya tayar mata da zuciya, koren shayin da aka ba ta kuma ta ce ɗanɗanon ƙasa yake yi. A ƙarshe Flory ya kashe kansa, Elizabeth ta auri babban jami'in gunduma, ta zama cikakkiyar uwargidan bariki.

5.0 Inda Ma'aunin Ya Gaza

Idan aka tsaya a nan, sai a ce mai cin abincin gari shi ne mutumin kirki, mai ƙin sa kuwa shi ne azzalumi. Littafin Orwell da kansa ya ƙaryata wannan, ko da yake marubucin bai bi abin har ƙarshe ba. Flory mai shan koren shayi shi ne ya sayi Ma Hla May daga hannun iyayenta ya ajiye ta a matsayin daduro, ya kuma kore ta da Baturiya ta bayyana. Shi ne kuma ya sa hannu a takardar cin mutuncin amininsa, Dokta Veraswami, saboda tsoron 'yan kulob. Ashe buɗe baki ga abincin mutane abu ne mai sauƙi, ba ya kuma tabbatar da an ɗauke su daidai da kai.

Gazawa ta biyu ta tarihi ce. Cecilia Leong-Salobir, a cikin littafinta na 2011 a kan abincin Turawan mulki a Asiya, ta nuna cewa abin da ake ci yau da kullum a gidajensu gaurayayye ne, domin kuku ɗan ƙasa ne, kasuwar da yake cefane kuma ta gari ce. Harshen Ingilishi ya shaida haka. Kalmar mulligatawny ta samo asali ne daga harshen Tamil, ma'anarta ruwan barkono. Kedgeree daga khichri take, wato dafa-dukan shinkafa da wake. Chutney kuma daga Hindi. Ƙamus ɗin Hobson-Jobson na 1886 cike yake da irinsu. Jerin abincin da Forster ya kawo na ranar baƙi ne, lokacin da ake nuna wa juna Turanci. Saboda haka hotonsa gaskiya ne, amma na ɗakin cin abinci ne, bai leƙa madafa ba.

Wannan ya kai ga gazawa ta uku, wadda ta fi sauran nauyi. A littattafan biyu kuku ba shi da bakin magana. Forster ya ce bai fahimci abin da yake dafawa ba, Orwell ya mai da shi abin dariya. Alhali kuwa shi ne mutumin da ya koyi girkin wata nahiya ba tare da littafi ba, a kan murhun itace, ya kuma saba wa harshen maigidansa da yaji sannu a hankali. Marubutan da suka soki wariya sun bar wanda ya fi kowa sanin sirrinta a bayan gida.

6.0 Shaida Daga Nijeriya Ta Arewa

Abin da ya faru a Nijeriya ta Arewa ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Constance Larymore ta wallafa A Resident's Wife in Nigeria a 1908, ta keɓe wani sashe domin shawarwarin riƙon gida ga matan da za su biyo baya. Sylvia Leith-Ross, wadda ta iso Zungeru a 1907, ta haɗu da Geneviève Ruxton suka rubuta Practical West African Cookery. Jami'i mai fita rangadi yakan tafi da akwatunan abincin gwangwani a kan 'yan ɗauko, amma a ranar Lahadi Turawan Afirka ta Yamma sun shahara da cin kaza da miyar gyaɗa ko ta manja, ana jera mata ayaba da kwakwa da sauran 'yan mahaɗai kamar yadda ake yi wa kori a Indiya. Ga miyar gari a kan tebur, amma tsarin birane na zamanin Lugard ya tanadi fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar gudun sauro da zazzaɓi. Miya ta ƙetare filin, masu ita ba su ƙetare ba sai da rigar aiki.

Kalmomin aro sun nuna inda ruwan ya fi gangarawa. Hausa ta karɓi burodi da biskit da fanke da kabeji da karas da latas da tebur da kuku da boyi, ta kuma ƙirƙiri dankalin Turawa domin bambanta shi da na gida. Ingilishi kuwa bai ɗauki tuwo ko fura ko kilishi daga bakin Razdan da Di'o ba. Kalmar suya sai a watan Disamba na 2024 ta shiga babban ƙamus na Oxford, ita ma ta hanyar Ingilishin 'yan Nijeriya, da ma'anar abin da Bahaushe yake kira tsire.

7.0 Kammalawa

Mulkin mallaka ya wuce, amma tambayar tana nan. Karen O'Reilly, a cikin nazarinta na 2000 a kan Turawan Ingila mazauna gaɓar tekun kudancin Sifen, ta tarar da jama'a masu mashayarsu da kantunansu da ƙungiyoyinsu, waɗanda cuɗanyarsu da 'yan ƙasa kaɗan ce. A 2001 kuma Robin Cook, Sakataren Harkokin Wajen Ingila na lokacin, ya kira wani girkin kaza na Indiyawa abincin ƙasa na Birtaniya. Al'umma ɗaya ce ta rungumi abincin baƙi a gida, 'ya'yanta kuma suna neman na gida a waje. Wannan bai zama laifi ba, domin kewar abincin da aka tashi da shi hali ne na kowane ɗan Adam, kuma sabo turken wawa ne.

Forster da Orwell sun cancanci yabo saboda sun gane cewa ana iya karanta mulki a cikin faranti. Kuskurensu shi ne sun fi duban abin da ke cikin farantin fiye da waɗanda suka zauna gewaye da shi. A al'adar Bahaushe ana gane amana ne da cin akushi ɗaya, ko da abin da ke ciki gaya ne. Da wannan ma'auni Aziz ya fi Fielding, Fielding kuma ya fi Flory nesa ba kusa ba. Aikin da ya rage wa manazarta Hausa shi ne su tattara labaran kukun bariki daga bakin 'yan kaɗan da suka rage da kuma 'ya'yansu a Kaduna da Zariya da Kano da Jos, domin a wurinsu ne ɗaya rabin labarin yake.