Ƙungiyoyinmu Sun Iya Ta'aziyya, Ba Su Iya Ceto Ba

Da yawa a cikinmu ba mu manta da yammacin Asabar ɗin nan ba, 12 ga Yunin 2021. Gidajen kallo na nan Sabo ba su wani cika ba, don wasan Denmak da Finlan ba irin wanda ake rububin benci a kansa ba ne. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci aka jefo wa Christian Eriksen ƙwallo daga gefe, sai kawai muka ga mutum ya kifa, alhali ba wanda ya taɓa shi. Wuri ya yi tsit. Wani daga baya ya ce, "Wannan kam ya tafi." Ashe da sauran kwana. Bayan wata takwas ya dawo yana buga wa Brentford a gasar Firimiya, daga nan Manchester United ta ɗauke shi.

A ranar akwai wani dattijo cikin iyayenmu da ke zaune bakin ƙofa. Da aka sanar cewa Eriksen ya farfaɗo, sai ya girgiza kai ya ce, "Da a nan ne, da yanzu ana maganar jana'iza." Muka yi dariya, amma dariyar yaƙe ce, don mun san ba ƙarya ya yi ba. Maganar tasa ce ta sa muka ga ya kamata mu zauna mu dubi yadda ƙungiyoyin ƙwallo suke yi idan ɗan wasa ya faɗi, da yadda suke yi idan ya cika.

Mu fara daga gida. Ranar 12 ga Agustan 1989, a Babban Filin Wasa na Surulere a Legas, Najeriya na karawa da Angola a wasan neman gurbin Kofin Duniya. A minti na 77 Samuel Okwaraji ya faɗi, bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta kumbura. Ƙasa ta yi kuka, aka yi masa mutum-mutumi a gaban filin. A 1995 Amir Angwe na Julius Berger shi ma ya faɗi a Legas, a wasan cin kofin Afirka, ya rasu. Za a iya cewa wancan zamanin ne, ilmi da kayan aiki ba su kai na yau ba. To, me za a ce game da 2020?

Ranar 8 ga Maris na 2020, a Lafiya, Nasarawa United na wasa da Katsina United. Mai tsaron baya Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi. Aka ruga da shi wajen motar asibitin da ke filin, mota ta ƙi tashi. Sai da aka nemi wata mota aka kai shi asibiti, kafin nan rai ya yi halinsa. Kwamitin da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa ta kafa da kanta ya gano cewa ƙungiyar ba ta da likita, wani ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya yake riƙe da sashen. Babu kuma na'urar farfaɗo da zuciya a filin. Shekara 31 ke nan bayan Okwaraji, a gasar da ake kira ta ƙwararru. Wallahi abin kunya ne.

Mene ne ya raba Eriksen da Martins? Ba wani sirri ba ne, mintoci ne 'yan kaɗan. Idan zuciya ta tsaya farat ɗaya, galibi wutar da ke tafiyar da bugunta ce ta rikice, sai ta koma karkarwa maimakon tura jini. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin jini. Daga minti huɗu zuwa shida ta fara lalacewa. Likitocin zuciya sun ce duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Abu biyu ne maganin. Na farko a yi ta danna ƙirji don jini ya ci gaba da zagayawa. Na biyu a manna wa mutum na'urar da ke fizgar zuciya da lantarki ta dawo kan bugunta. A Kofenhegan, kyaftin Simon Kjær ya isa wurin nan take, likitoci suka biyo, aka danna ƙirji, aka yi fizga ɗaya, zuciya ta dawo. Kun ga ke nan a kan ciyawa aka ceto shi, asibiti daga baya ya zo.

Wanda ma ya fi wannan ban mamaki shi ne Fabrice Muamba na Bolton, haifaffen Kinshasa. Ranar 17 ga Maris na 2012 ya faɗi a filin Tottenham a Landan. Minti 78 zuciyarsa ba ta bugawa da kanta. Sau 15 aka fizge shi da na'ura, daga fili har cikin mota, kuma ba a daina danna ƙirjin ba. Wani likitan zuciya, Andrew Deaner, da ya zo kallo kawai, ya sauko daga cikin 'yan kallo ya sa hannu. Muamba ya bar ƙwallo, amma yana nan da ransa da iyalinsa.

Kada wani ya ɗauka muna cewa Turawa waliyyai ne. Su ma da gawa suka koya. A Ingila sai da mai tsaron gidan Chelsea, Petr Cech, ya fashe a kai a filin Reading a 2006, Jose Mourinho ya tayar da jijiyar wuya kan jinkirin motar asibiti, sannan a 2007 aka wajabta mota ta musamman don 'yan wasa a kowane wasan Firimiya. Muamba ya ci moriyar wannan doka. A Italiya, a 2012, Piermario Morosini na Livorno ya faɗi a Pescara, motar 'yan sandan hanya ta tare ƙofar da motar asibiti za ta shigo, ga na'ura kuma a wurin ba a yi amfani da ita ba. Ya rasu. Bayan haka gwamnati ta tilasta wa ƙungiyoyin wasanni mallakar na'urar da horar da masu sarrafa ta. A Romaniya, a 2016, ɗan Kamaru Patrick Ekeng ya rasu yana buga wa Dinamo Bucharest, kuma kotu ta kama likitar motar asibitin da laifin sakaci. Bambancin da ke tsakaninmu da su a nan yake: can idan aka yi rashi, doka takan canza, wani kuma yakan amsa tambaya. Mu kuwa sai a kafa kwamiti, a ba da umarni mai zafi, kaka biyu ta wuce kowa ya koma ruwa.

Akwai kuma wurin da manyan hukumomin ƙwallo na duniya suke faɗuwa warwas, wato batun ci gaba da wasa. Bayan an fitar da Eriksen, UEFA ta ba 'yan Denmak zaɓi biyu: su ƙarasa a daren, ko su dawo washegari da tsakar rana. Wannan zaɓi ne? Mutanen da suka tsaya suna kuka sun kewaye abokinsu don kada kyamara ta ɗauke shi, su aka mayar fili kafin awa biyu ta cika. Aka ci su 1-0, suka zubar da fenareti, Kjær ya kasa ƙarasa wasan. Daga baya kocinsu Kasper Hjulmand ya fito ya ce bai kamata a sa su a wannan hali ba. Haka a 2003: Marc-Vivien Foé ya faɗi ranar 26 ga Yuni a Lyon, Kamaru na wasa da Kolombiya, ya rasu yana da shekara 28, amma bayan kwana uku 'yan Kamaru suka fito wasan ƙarshe da Faransa. Ana iya yin abin da ya fi haka. Alƙalin wasa Howard Webb ya tashi wasan Muamba gaba ɗaya. Da aka tarar da gawar kyaftin ɗin Fiorentina, Davide Astori, a ɗakin otal ranar 4 ga Maris na 2018, Italiya ta ɗage duk wasannin gasarta na wannan rana. Ba abin da ya ragu a jikin kowa. Kuɗin talabijin ne kawai ya jira.

Sai abin da ke biyo bayan mutuwa. Nan ne ƙungiyoyi suka fi ƙwarewa: baƙin ƙyalle a hannu, shiru na minti ɗaya, hoto a Facebook, jingine lambar riga. Manchester City ta jingine lamba 23 saboda Foé, Fiorentina da Cagliari suka jingine 13 saboda Astori. Ba mu raina wannan ba, ai girmama mamaci hali ne na kirki. Amma mu da muka san zaman makoki mun san cewa ranar da aka watse, 'yan gaisuwa suka koma gidajensu, ita ce ranar da ake gane mai zumunci. Da Diogo Jota da ƙaninsa suka rasu a haɗarin mota a Sifaniya ranar 3 ga Yulin 2025, Liverpool ta jingine lamba 20, sannan kocinta Arne Slot ya bayyana cewa masu ƙungiyar za su biya matarsa da 'ya'yansa duk abin da ya rage a kwantiraginsa. Wannan shi ne ta'aziyya. A ɗaya gefen ga Emiliano Sala, wanda jirginsa ya faɗa teku ranar 21 ga Janairun 2019 yana hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff. Furannin da aka ajiye masa ba su gama bushewa ba ƙungiyoyin biyu suka shiga shari'a kan wanda zai biya kuɗin cinikinsa, suka yi shekaru suna ja. Iyalin Martins kuwa sai da suka yi shekara biyar suna bin kotu, da taimakon ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO, kafin a 2025 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta tabbatar da cewa an yi sakaci da ransa.

Mun san abin da wasu za su ce: kwanansa ne ya ƙare. Haka ne, ba wanda zai wuce ranarsa, mun yi imani da wannan. Amma ba mu taɓa ganin direban da ya ɗauki fasinja daga nan zuwa Kano da motar da ba birki, ya kashe mutane, aka ce masa je ka abinka ƙaddara ce ba. Iyaye sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Motar da ba a taɓa tayar da ita an gwada ba, da benci babu likita, wannan ba ƙaddara ake kiransa ba, ganganci ne. Kuma rashin kuɗi ba hujja ba ne. Yawancin ƙungiyoyin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, kuma kuɗin na'urar nan bai kama ƙafar kuɗin motar da shugaban ƙungiya yake hawa ba. Rigakafin ma sananne ne: tun 1982 Italiya ta wajabta gwajin zuciya ga duk mai shiga gasa, kuma binciken da aka yi a yankin Veneto ya nuna irin wannan mutuwa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a tsakanin 'yan wasa.

To amma kafin mu gama nuna wa wasu yatsa, mu dubi kanmu. Duk shekara matasanmu suna shirya gasar bayan Sallah. Ana tara kuɗin kofi, da riguna, da na mai kiɗa, har da na babban baƙo. Wa ya taɓa tara kuɗin lafiya? Wata shekara wani yaro ya sume ana tsakiyar wasa a rana tsaka. Mun ga abin da aka yi: aka yi masa rumfa da jiki, wannan na fifita da riga, wancan na ɗura masa ruwan leda, wani na ihu a kawo cokali kada ya haɗiye harshe. Allah ya sa zafi ne da yunwa, ya farfaɗo. Da zuciya ce, da mu da kanmu mun cinye mintocinsa muna neman cokali.

Don haka ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Idan mutum ya faɗi ba tare da an buge shi ba, aka kira shi bai amsa ba, numfashinsa kuma ya ɗauke ko ya koma kamar shaƙuwa, a ɗauka zuciya ce, ko da jikinsa na fizga kamar mai farfaɗiya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi ya lotsa kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In mai yi ya gaji wani ya karɓa, ba tsayawa, har cikin mota. Ba cokali, ba ruwa a baki, jama'a kuma su ja baya.

Muna roƙon shugabannin matasa da masu shirya gasa, da iyayenmu na fadar Sarkin Hausawa, su sa baki a abu uku kafin gasa mai zuwa. A nemi masu koyar da taimakon gaggawa, irin su Red Cross, su horar da 'yan agajinmu da kocin kowace ƙungiya. Kada a busa usur sai an ga mota da mai a ciki da direba a kusa, hanya kuma a buɗe. Sannan a fara asusun sayen na'ura guda ɗaya ta unguwa, wadda za ta yi amfani a fili, ta yi a masallaci da kasuwa.

Mu kuma da muke takawa zuwa Adamasingba kallon Shooting Stars, ko muke bin Sai Masu Gida duk inda suka zo Kudu, mu koyi ɗaga kai kafin a take ƙwallo. Ina motar asibiti take? Akwai direba a ciki? Wa ke zaune a bencin likita? Tambayar ba laifi ba ce, kuma idan masu biyan kuɗin ƙofa suka fara yin ta, shugabanni za su fara jin kunya. Yaran da ke gudu a filin nan 'ya'yan wasu ne, wasunsu ma namu ne. Allah ya kiyaye, ya sa mu gyara tun kafin a sake yin wani rashin.