Allo Mai Haske da Gida Marar Allo: Tsokaci a kan Zanen Fitilun Niyon

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, ya ratsa Boɗinga da Shagari, zai ga allunan da masu fenti suka zana da hannu: na mai aski da jerin kawunansa, na mai faci, na mai abinci. Aikin allo shi ne ya shaida wa mai wucewa abin da ake yi a wuri. Wannan maƙala za ta duba wani nau'in zane da ya ginu a kan allo a Amurka, sa'an nan ta auna shi da ma'aunin ƙasar Hausa.

A can, allon da ya yi tashe shi ne na niyon, wato bututun gilashi da ake lanƙwasawa ya zama haruffa, ya riƙa ci da lantarki. Robert Cottingham ya shahara da zana irinsa tun wajen 1970. Yakan datse rubutun, ya bar 'yan haruffa da ƙyallin ƙarfe, ba mutum ko ɗaya a hoton. Ga masu neman jinsi ɗaya kuwa, allo ya wuce ado. Mashayar Stonewall ta birnin New York, inda aka yi arangama da 'yan sanda a Yunin 1969, da jan rubutun tagarta aka fi saninta. Haka kuma a 2013 Edie Fake ya nuna jerin zane mai suna Memory Palaces, inda ya sake ƙirƙiro fuskokin matattarar irin waɗannan mutane a Chicago, har da waɗanda aka daɗe da rufewa, da launi mai kashe ido.

Haƙiƙa akwai hikima a nan, domin ƙofa da suna sun ishi wanda ya san wurin ya tuna. Sai dai kuma salon yana da sharaɗi: dole wurin ya taɓa samun damar kafa sunansa a bakin titi. A nan ne ma'aunin ya karye.

Mafi kusa da wannan a ƙasar Hausa su ne 'yan daudu, ko da yake kuskure ne a ɗauka daudu da luwaɗi abu guda ne, kamar yadda Rudolf Gaudio ya nuna a littafinsa Allah Made Us (2009), bayan bincike a Kano. An san su a gidajen mata masu zaman kansu, da wuraren sayar da abinci na tashoshin mota, da dandalin bori. Waɗannan wurare ba su dogara da allo ba. Alamarsu a baki take: habaici, da karin magana, da kirari, da salon lafazi. Bayan ƙaddamar da shari'a a jihohi irin su Sakkwato da Kano a 2000, da dokar Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 10 ga mai buɗe kulob na masu neman jinsi ɗaya, ɓoyon ya ƙara zurfi.

Ke nan, mai fentin da ya so kwaikwayon Fake a nan ba shi da haruffan da zai kwafa. Abin da ya rage masa shi ne kaskon suya, da benci, da fitilar a-ci-bal-bal, waɗanda ba su bambanta da na kowace mai tuwo ba.